Yadda Tsohon Turanci Ya Kai Ni Ya Baro

'Yan'uwana ɗalibai, na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari, domin labari ne na jin kunya, kuma ni ne na ji kunyar. Amma da Malamin Hausa ya ce kowa ya kawo abin da za a sa a mujallar bana, sai na ga gara in faɗa da bakina, tun da yake waɗansunku sun riga sun ji gutsure-gutsurensa, har akwai masu kirana Malam Zau in na juya baya. To, yau ga asalin sunan, kowa ya huta da tambaya.

Ƙauyenmu yana tsakanin Wurno da Goronyo, a bakin fadamar gulbin Rima, ƙasa da babbar madatsar ruwan nan ta Goronyo wadda aka gama ginawa a 1984, aka buɗe ta a 1992. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, wata irin ganuwa ce ta ƙasa, tsawonta kilomita 12 da rabi, tsayinta mita 21, ta tare gulbi har ya zama kamar teku. Mu da muke ƙasa da ita, da ruwan nan muke ci muke sha. Da damina babana ya shuka shinkafa, da rani ya dasa tafarnuwa da albasa, kuma duk abin da ya shiga tukunyar gidanmu, da duk abin da aka biya mini a makarantar nan, daga fadamar nan ya fito. Babana bai yi boko ba. Ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami mai kyau kamar an buga da inji, amma in takarda ta zo da Turanci sai ya ajiye ta cikin akwati har in dawo hutu.

Ciwon ya kama ni ne a zangon farko na aji biyar, lokacin da aka fara karanta mana wasan kwaikwayon William Shakespeare. Yawancin 'yan ajinmu sun tsani darasin nan, wai ba Turanci ba ne, yaren aljannu ne. Ni kuwa sai ya shiga raina. Ran nan ina bincike a ɗakin karatu sai na ci karo da wani tsohon littafin waƙoƙin Turanci, bangonsa ya cire, gara ta ci gefensa, amma a can ƙarshe akwai jerin tsofaffin kalmomi da ma'anarsu, wajen shafi goma sha biyu. Na sayi sabon littafin rubutu na zauna na kwashe su tas, ban bar ko ɗaya ba.

Kai, jama'a, kalmomin nan suna da daɗi, kuma har gobe ban janye wannan magana ba. Dubi waɗannan shida da suke jere kamar kwanonin amarya. "Hither" watau zuwa nan, "thither" zuwa can, "whither" zuwa ina. Sa'an nan "hence" daga nan, "thence" daga can, "whence" daga ina. Kowace kalma guda ta ɗauki wuri ta kuma ɗauki inda aka dosa, alhali kuwa Baturen yau sai ya haɗa kalma biyu kafin ya faɗi haka. Ga "yonder", abin da ke can nesa amma ido yana hango shi, kamar yadda mu kan ja muryarmu mu ce caaan. Ga "ere", watau kafin. Ga "oft", sau da yawa. Ga "morrow", wadda take nufin safiya, ta kuma nufi kashegari. "Betwixt" tsakani, "hearken" kasa kunne, "steed" ingarman doki, "kine" shanu, "damsel" budurwa. Akwai kuma "wherefore", wadda kusan kowa a ajinmu ya ɗauka tana nufin ina, saboda kamar da ta yi da "where", ashe ma'anarta don me. Da na gane wannan sai na ji kamar na fi kowa a lardin Sakkwato.

Amma sarauniyarsu duka a wurina ita ce "thou", da 'yan ɗakinta "thee" da "thy" da "thine". Dalili kuwa, ba a littafin nan kaɗai na gamu da su ba. Tun da aka dawo da tsohon taken ƙasa a 2024, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978, kullum da safe muna rera "thee" a filin taro, muna nufin Nijeriya. Har ila yau a masallacin makaranta akwai fassarar Alƙur'ani ta Turanci, ta Abdullahi Yusuf Ali, na duba na ga da "Thee" ake ambaton Ubangiji in ana roƙonsa. Sai na yi lissafi irin na yaro, na ce kalmar da ake kiran ƙasa da ita, ake kuma kiran Mahalicci da ita, lalle babu kalmar girmamawa da ta kai ta. Na yanke cewa "you" ta talakawa ce, "thou" kuwa ta manya.

Daga nan fa sai abin ya zama mini riga. In zan kira ƙaramin ɗalibi sai in ɗaga hannu in ce "hither", yaro ya tsaya yana zare ido. A wurin muhawara na zuba su har aka yi ta tafi, ni kuwa ban san dariya ce ta sa tafin ba. Malamin Turanci ya ja jan layi a ƙarƙashin insha'ina, ya rubuta cewa wannan Turancin shekara 400 da suka wuce ne. Wallahi na ɗauka yabo ne, har na nuna wa abokina. Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu.

Ana nan sai hutun ƙarshen shekara ya zo, na koma gida cikin tsakiyar malka. Ruwa ya yi yawa bara. Ba a kai ga irin ambaliyar 2010 ba, wadda ta ci ƙauyuka da gonaki a Goronyo da Wurno, wadda Inna ta ce ina goye a bayanta ta ratsa ruwa da ni har zuwa tudu. Amma dai gulbi ya fito ya kwanta a kan shinkafarmu kwana tara, da ya janye babu abin da ya bari sai laka da ruɓaɓɓen kara. Ɗan injin ban ruwanmu kuma, da aka bari a bukkar gona, ruwa ya tafi da shi, har yau ba mu ga ko murfinsa ba.

Bayan kamar wata guda sai mai unguwa ya yi shela, wai akwai wani ofis da ke rubuta sunayen manoman da ruwa ya yi wa ɓarna, za a taimaka musu da iri da taki, waɗansu ma har da inji, don su yi noman rani. Kowa ya kai takardarsa da kansa. Yawancin mutanen unguwarmu suka tafi wurin wani mai shagon kwamfuta a bakin tasha, ya buga musu iri ɗaya, suna kawai yake canjawa. Babana kuwa ya ce shi ba ya biyan kowa, yana da ɗa a aji biyar. Da dare bayan lisha ya kira ni zaure, ya kunna fitila, ya ce, "Ga takarda, ga alƙalami. Ka gaya musu abin da yas same mu, ka yi ladabi, kak ka ƙara, kak ka rage."

Ladabi! Ai kuwa kamar ya sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na ɗauko littafina na tsofaffin kalmomi na buɗe a gefe. Na ce a raina, yau manyan ofis za su san akwai ɗan boko a ƙauyen nan. Na kwana ina rubutu ina yagewa. Ban kira babana da kalmar da kowa ya sani ba, na kira shi "sire". Ban ce manomi ne da kalmar da ɗan firamare ya sani ba, na ce "husbandman". Ambaliya ta zama "deluge". Shinkafa kuwa, da yake littafina ya ce a Turancin da "corn" tana nufin kowane irin hatsi, sai na sa "corn". Da na zo wurin roƙo na sa "beseech", na kuma nemi shugaban ofis ya "suffer" babana ya sami inji, domin na karanta cewa a da kalmar tana nufin yarda ko ƙyalewa. Shi kuwa shugaban, tun daga gaisuwa har sa hannu, "thou" da "thee" nake ta jera masa. Da gari ya waye na kwafe ta da rubutu mai kyau, shafi biyu cif. Babana ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya yi murmushi, ya naɗe ta cikin leda ya sa a aljihun gaba.

Ranar Alhamis muka yi sammako muka shiga mota, don yadda hanya ta zama a 'yan shekarun nan ba mai son yamma ta yi masa a waje. Muka tarar da layi har bakin titi. Sai wajen azahar aka zo kanmu. Akawun wani saurayi ne, bai fi yayana ba da yawa, ga gajiya a fuskarsa. Ya karɓi takarda ya fara karantawa, sai na ga ya tsaya, ya koma farko. Ya ɗaga kai ya dube mu, ya sake dubawa. Can sai ya kira na kusa da shi ya ce ya zo ya gani. Suka haɗa kai a kan takardata, kafaɗunsu suna rawa.

Na biyun ya ce, "Baba, aure ka zo nema ko taimakon gona? Nan an ce kai mijin aure ne." Na farkon ya ce, "Kuma an ce mu wahalshe ka." Suka tambaya ko masara ce ruwa ya ci, babana ya ce shi bai taɓa shuka masara a fadama ba. Sa'an nan akawun ya share hawayen dariya ya ce, "Don Allah Baba, wa ya rubuta maka wannan?"

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne yadda babana ya amsa. Bai gane dariyar me ake yi ba. Ya ɗauka mamakin gwaninta ne. Ya kamo hannuna ya jawo ni gaba, ya ce da ƙarfi yadda duk na cikin layi za su ji, "Ranka shi daɗe, ɗana na. Shi yar rubuta da hannunai. Aji biyat shike." Da ƙasa za ta tsage a lokacin nan da na shige.

Ban ga laifin akawun nan ba, ko da yake a ranar na ji kamar in shaƙe shi. Da ya ga fuskata sai ya daina dariya, ya yi mini magana a hankali. Ya ce duk shafi biyun nan babu abin da suke nema. Babu sunan ƙauye, babu girman gona, babu abin da aka shuka, babu lambar waya, babu sa hannun mai unguwa. Na duba, wallahi gaskiyarsa. Na shagala da ado har na manta ban faɗi ko sunan garinmu ba. Ya ce mu koma mu gyara, mai unguwa ya sa hannu, mu kawo. Kashegari Juma'a, mai unguwa ya tafi ta'aziyya Rabah, bai dawo ba sai Lahadi. Da muka koma ranar Litinin aka ce an rufe rajista tun ranar Juma'a da yamma, an aika da sunaye gaba.

A hanyar komowa babana bai ce mini kome ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Da mota ta tsaya a Achida sai ya sayi rake, ya karya, ya miƙo mini babban ɓangaren. Na riƙe shi har gida ban iya sha ba. A ranin nan hayar inji muka yi wurin wani maƙwabcinmu, da sharaɗin buhu ɗaya cikin kowane buhu biyar na tafarnuwa nasa ne. Irin ma bashi aka ci. Kuɗin jarrabawata kuwa, tunkiyar Inna aka kai kasuwa.

Akwai wani dattijo a Wurno, tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya tun ban shiga firamare ba, abokin kakana ne na wajen uwa. Da labari ya kai masa sai ya aiko in zo da takardar. Na je ina jan ƙafa, na durƙusa na gaishe shi. Ya sa tabarau ya karanta tun daga farko har ƙarshe, bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Zan kawo maganarsa da Hausar makaranta, don ta fi sauƙin rubutawa.

Ya ce, "Ɗana, ka san ma'anar kalmomin nan, ban ga inda ka yi ƙarya ba. 'Husbandman' manomi ne. Asalin 'husband' ma mai gida take nufi, mutumin da ke riƙe da gida da gona, daga baya ta koma miji, kamar dai yadda matanmu ke cewa maigidana. Ba ka ji ana ce muku 'animal husbandry' a darasin aikin gona ba? Ragowarta ke nan. 'Suffer' kuma ta taɓa nufin yarda. Amma 'sire' da ka kira babanka, yau in ba sarki ake yi wa magana a cikin wasa ba, to uban doki ko uban sa ake nufi wurin masu kiwo. 'Deluge' kuwa, in Bature ya ji ta, ruwan Ɗufana ne ke fara zuwa masa a rai." Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya sa yatsa a kan takardar yana ƙirgawa. Ya ce, "Bakwai. Sau bakwai ka zagi mutumin nan."

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, zagi kuma? Ai girmama shi na yi."

Sai ya warware mini abin da ya juya mini kai gaba ɗaya. Ya ce a Turancin farko "thou" ta mutum ɗaya ce, watau kai ko ke, "ye" da "you" kuwa na jama'a ne, watau ku. Bayan mutanen Nomandi na ƙasar Faransa sun ci Ingila a 1066, sannu a hankali sai Ingilishi suka ɗauki al'adar Faransawa ta kiran babban mutum da lamirin jam'i. Ya ce, "Kai in ka tarar da ni zaune ni kaɗai, me kake cewa? Ba sannunku da hutawa kake cewa ba? To, haka nan ne." Saboda haka a zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, "you" ake ce wa sarki da alƙali da uban gida. "Thou" kuwa ta yaro ce, da bara, da aboki na ƙut da ƙut, da wanda ake so a wulakanta. Da kowa ya riƙa gudun kada ya ɓata wa wani rai, sai "you" ta cinye wurin duka, kafin shekarar 1700 "thou" ta fita daga bakin mutanen birni. Ta saura a cikin addu'a, da Littafi Mai Tsarki na Kirista da aka fassara a 1611, da waƙoƙi, da bakin waɗansu tsofaffi a ƙauyukan arewacin Ingila. Da mutane suka daɗe ba su jin ta sai a wurin ibada, sai suka ɗauka kalmar girma ce, kamar yadda ni ma na ɗauka.

Na ce to, don me ake kiran Ubangiji da ita? Ya ce, "Kai da Hausa in kana addu'a, ka taɓa ce wa Allah ku? Ai Kai kake cewa, don Shi ɗaya ne, kuma Ya fi kowa kusa da kai." Na yi shiru, don ban taɓa lura da wannan ba, ga shi kuwa kullum sau biyar ina yi.

Daga nan ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan littafi da ya tsufa, Daren Sha Biyu, wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Hausa daga wasan Shakespeare. Ya ce a cikin na Turancin akwai inda wani shaƙiyyi yake koya wa abokinsa yadda zai rubuta wasiƙar neman faɗa, ya ba shi shawara ya kira abokin gabansa da "thou" kamar sau uku, don ya tabbata ya fusata shi. A nan ne fa dattijon ya ƙyalƙyale da dariya har tabarau ya zame. Ya ce, "Shi sau uku ya ishe shi neman faɗa, kai ka yi bakwai kana neman inji. Allah Ya taimake ka akawun bai karanta Shakespeare sosai ba."

Kafin in tafi ya ƙara mini da wata. Ya ce shi asalinsa mutumin Rabah ne, garin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Ya ce in nemi hirarrakinsa da Turawa da ke cikin intanet in saurara, in gaya masa ko na ji "thou" ko ɗaya. Na nema na saurara a wayar yayana. Turanci ne sarai, a natse, kalma bayan kalma, har ni ma na ji kusan duk abin da yake faɗi. Amma da na ce wa dattijon zan ƙone littafina sai ya ɓata rai. Ya ce, "Wane laifi littafi ya yi maka? In ka ƙone shi da me za ka karanta waƙoƙin mutanen? Alkyabba ba ta da laifi don wani ya sa ta ya shiga fadama dashen albasa."

Saura kwana kaɗan mu koma makaranta sai wani abu ya faru a tsakar gidanmu, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ga labarin nan ya cancanci shafin Hausa. Ina zaune ina bitar darasin adabi da ƙarfi, ina cewa jigon labari shi ne saƙon da marubuci ya gina labarinsa a kai. Kakata tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Sai ta ɗago ta ce, "Kai maigidan, wane jigo? Makarantar boko ma jigo aka dasa muku?"

Na ce, "Kaka, jigo ai kalmar ilimi ce, ba ki san ta ba."

Ta ajiye ƙwarya ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ni ta ban san jigo ba? Kai miji na banza. Da jigo munka ciyar da ubanka." Sa'an nan ta kwatanta mini. Kafin a yi madatsa, kafin injuna su zo, in rani ya yi sai a kafa gwafa a bakin ruwa, a gicciya doguwar sanda a kanta, a ɗaura curin laka mai nauyi a gindin sandar, a rataya guga a ɗaya bakin. Mutum ya ja igiya guga ya nutse, ya saki, nauyin lakar ya ɗago masa ruwa, ya juye a hanya, ruwa ya bi fangali fangali. Ta ce kakana tun asuba yake hawa jigo har hantsi ya dubi ludayi, kafaɗunsa duk kanta. Ni kuwa da aka haifa cikin ƙarar inji, ban taɓa ganin jigo da idona ba. Shekara biyu ina rubuta kalmar a jarrabawa, ina jin ana cewa wane jigo ne a jam'iyya kaza a rediyo, ban san itace ne mai ɗauke da nauyin lambu duka ba. Da na sani, ai da ba sai na haddace ma'anar jigon labari ba.

Daren nan na juya littafin nan nawa ta baya, na fara sabon jeri. Kaka tana faɗi ina rubutawa, tana yi mini tsiya. Gomiya biyu, watau ashirin, kafin mu ari ƙidayar Larabawa. Zangu, wuri ɗari. Keso, wuri dubu ashirin a cikin jakar tabarma, ta ce da irinsa aka biya sadakin kakarta. Zambar goma, dubu goma. Taiki, salka, mangala, madugu. Waɗansu na taɓa ji a waƙoƙin Narambaɗa da babana ke saurare, ina gyaɗa kai ban san abin da ake faɗi ba. Waɗansu kuma suna cikin waƙoƙin wa'azi da take rerawa in tana kaɗi, waɗanda ta ce ta koya wurin uwarta, irin na zamanin Nana Asma'u, 'yar'uwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda kabarinsa ke nan Wurno tun 1837. Da can in ta fara sai in tashi in ba ta wuri, ina ganin surutun tsofaffi ne, ni da nake kwana ina haddace surutun tsofaffin Ingila.

Da muka dawo makaranta na kai wa Malamin Hausa jerin. Ya ɗauko ƙamus ɗin Bargery na 1934, muka bi su ɗaya ɗaya, muka sami mafi yawansu a ciki. Ya kuma gaya mini abin da ban zata ba. Ya ce "zamna" da "sabro" da "amre" da muke faɗi a gida, waɗanda in mun rubuta a jarrabawa ake ja musu jan layi, masana sun nuna sun girmi "zauna" da "sauro" da "aure". Haka "munka" da "sunka" suka cika tsofaffin rubutattun waƙoƙi. Watau mu Sakkwatawa mu ne mutanen arewacin Ingila na ƙasar Hausa, tsohuwar magana ta fake a bakinmu. Ya ce duk da haka in ci gaba da rubuta daidaitacciyar Hausa a jarrabawa, in dai ina son in ci. Na ce ai Malam wannan karatun na riga na biya kuɗinsa, da tsada kuwa.

Yanzu littafin ya kusa cika, Turanci daga gaba, Hausa daga baya, saura shafi shida su haɗu a tsakiya. Ban daina son "thither" da "yonder" ba, kuma a jarrabawar gwaji ta adabin Turanci ni na zo na ɗaya, don in mutum ya san wa ke ce wa wa "thou", sai ya ga faɗa da soyayya da raini a inda sauran 'yan aji ke ganin yaren aljannu.

A hutun da ya wuce babana ya sake kirana zaure, zai nemi bashin taki wurin ƙungiyar manoma. Ya faɗa na rubuta, layi biyar, da sunan ƙauye da girman gona da lambar waya, na karanta masa fassararta ya ce haka ne. Da ya buɗe akwatinsa zai ajiye, sai na hango tsohuwar wasiƙar nan a cikin ledarta, tare da takardun gona da katin zaɓe. Na ce, "Baba, don Allah ba ni takardar nan in yage." Ya janye akwatin ya rufe, ya ce, "Bar ta nan. Ni ban ji abin da tac ce ba, amma rubutun ya yi kyau."